Giwan Ruwan da Muka Kai Yelwa

Shekarar da na gama makarantar horon malamai aka yi aurena, aka kuma tura ni koyarwa a firamaren garin mijina, wani ƙauyen masunta a bakin tabki, ba nisa da Wara. Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Maigidana yana da jirgin inji, yana ɗaukar mutane da kaya zuwa kasuwannin bakin ruwa. Gida ɗaya muke zaune da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna. Maginiyar tukwane ce, kuma da wuya ka shiga gida a garin ba ka sha ruwan randarta ba.

Tsakanina da Inna gaisuwa ce kawai. In durƙusa da safe, ta amsa tana kallon wani wuri, shi ke nan sai gobe. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta uwa da matar ɗanta na fari. Ko sunana ba ta kira, Malama take ce mini.

Aji biyar aka ba ni. Komai yana tafiya daidai har muka zo kan siffofi a darasin lissafi. In zana da'ira a allo, in zana alwatika, in faɗi sunayensu, yara su maimaita da ƙarfi kamar masu amshin waƙa, gobe in tambaya a yi tsit. Yaran nan kuwa ba dakikai ba ne. Yarinya 'yar shekara goma za ta gaya maka kifin da ya yi motsi a ruwa tun daga irin tambarin da ya bari. Abin ya dame ni ƙwarai.

Wata safiya maigidana ya shigo da kifi bargi, wani abokinsa ya ba shi. Na zauna ina fere shi a bakin murhu. Bargi kuwa ɓawonsa manya ne, kowane ɗaya ya kusa cika tafin jariri. Na ɗaga wuƙa ke nan sai idona ya tsaya a kan gefen da ban taɓa ba. Da'ira ce a kan da'ira, kowace ta rufe rabin 'yar'uwarta, layi bayan layi, tun daga wuya har wutsiya. Na sha fere kifi tun ina yarinya, amma ranar nan kamar ban taɓa ganinsa ba. Na bar aikin na ruga ɗaki na ɗauko ɗan kamfas ɗina na ƙarfe, na gwada a bayan wani kwali da hannu mai ƙarni. Abin ya fito. Har na makara zuwa makaranta.

Ina isa na wuce aji. Na ɗauki babban kamfas na katako na fara jera da'ira a allo, ina sa ƙafar kamfas a gefen ta baya. Layi na farko ba wanda ya kula. A na uku wata yarinya daga baya ta ce, "Malama, bargi ne." Sai aji ya rikice. Wani ya ce ƙarya ne, karfasa ce, bargi ya fi haka faɗi. Aka tashi daga benci aka zo gaban allo ana nuni. Na ce to, wa zai nuna mini kifin da kansa alwatika ne? Hannu ya tashi ko'ina, kurungu, tarwaɗa, har da masu rantsuwa. Da na tambayi wanda yake zama ƙwallo, duk suka kumbura kumatu suna kwaikwayon talibambam, ɗan kifin nan da yake cika cikinsa idan an taɓa shi. Har aka buga ƙararrawar tashi ba wanda ya nufi ƙofa.

A lokacin ana gina sabbin azuzuwa a makarantar, takardun buhun siminti zube ko'ina. Muka kwashe su muka kakkaɓe. Na koya wa yara naɗe takarda kusurwa zuwa kusurwa, su kuma suka koya mini yadda ƙayar kowane kifi take tsayawa. Muka dama kokon garin rogo muna liƙawa. Kafin mako ya zagayo rufin ajina ya cika da ƙananan kifaye rataye da zaren koma, kuma da iskar tabki ta shigo ta taga sai su juya gaba ɗaya su fuskanci gefe guda. Malaman sauran azuzuwa suka riƙa neman dalilin wucewa ta ƙofarmu. Ni kuwa ko abinci nake ci hankalina yana kan abin da za mu yanka gobe.

A gida ma ban bari ba. Da la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina in yi ta yanke-yanke. Inna tana can ƙarƙashin rumfarta tana gini, ina jin idonta a kaina, amma da na ɗago sai ta sunkuya. Ran nan na dawo daga makaranta na tarar da curin yumɓu a ƙofata, an rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Ba wanda ya ce shi ya ajiye. Na durƙusa daga nesa na yi godiya, ta ce ai laka ce, ba abin godiya ba.

Da wannan yumɓu na gina karfasa mai tsawon kamu ɗaya, na zauna na zana mata ɓawo da tsinin kamfas. Ta yi kyau, ina ta zagaya ta ina kallo. Da ta bushe Inna ta ɗauka, ta jinjina ta a hannu, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Ranar gashi ta sa ta a tsakiyar tukwanenta, aka lulluɓe da itace da kara da busasshen kashin shanu, aka cinna wuta bayan la'asar. Muna tsaye daga gefe wuta ta kama sosai, sai muka ji ƙara kamar an harba bindigar toka. Kaji suka watse. Kan karfasata ya yi tsalle daga cikin wuta ya faɗo gaban akuya yana hayaƙi.

Na tsaya riƙe da baki, don na san ba za a rasa tukunyarta da ta fashe ba. Sai na ji wani sauti a bayana. Inna ce take dariya, ta dafa gwiwa, hawaye na zuba. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

"Malama, kin cike mai ciki da laka," in ji ta. "Ina iska za ta hita? Na so in gaya miki, na ji kunyar gyara ma malama aiki."

Na ce, "Inna, don Allah daga yau ki daina jin kunyata a kan laka."

Washegari ta matsa mini wuri a rumfarta. Ta kife wata tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka, ta shimfiɗa yumɓu a bayanta tana bubbugawa har ya zama rabin ƙwallo. Ta yi na biyu. Da suka sha iska ta haɗa su baki da baki ta shafe gaɓar, sai ga talibambam a kumbure, cikinsa fayau. Ta ja masa ɗan baki da wutsiya da yatsu biyu cikin ƙiftawar ido, ta turo mini ta ce saura zane. Na ɗauko kamfas na fara. Ta bar abin da take yi tana kallo, can ta miƙo hannu.

"Ba ni mai ƙahwa biyun nan in gani."

Ta juya shi sau ɗaya a kan ɗanyen tulu, da'ira ta fito cif. Ta sake, ta sake. Ta gaya mini cewa tun tana budurwa da bakin kara take yin irin wannan zane, girmansa ɗaya kullum, ga shi wannan ana buɗe shi ana tsuke shi yadda aka ga dama. Na nuna mata yadda ake taka gefen da'ira da kamfas ba tare da an canja buɗinsa ba, har fure mai ganye shida ya fito a tsakiya. Ta yi salati a hankali. Ranar tuwon dare bai sauka da wuri ba, maigidana ya dawo ya same mu mu biyu hannu dumu-dumu, ya tsaya a bakin zaure yana kallonmu kamar ya ɓata gida.

Daga nan aiki ya kankama. Ita ke gina jiki, ni ke zane, wani lokaci mu yi musanya. Ta koya mini haɗa yumɓu da dakakken tsingaro, da goge jiki da 'ya'yan kuka har ya yi sheƙi, da yayyafa ruwan makuba a kan abu yana da zafi don ya yi duhu. Muka gina kurungu mai kai alwatika, muka gina kunkuru muka rarraba bayansa gida-gida masu kusurwa shida. Gashi na biyu ba abin da ya fashe. Ina tono su daga toka da sanda, ina ƙwanƙwasa kowanne in ji ya yi ƙara kamar ƙarfe.

Labari ya kai kunnen Baffa, ƙanen mahaifin maigidana, wanda ke limanci a unguwarmu. Ya zo ya zauna a zaure ya ce a kawo masa ya gani. Na kwaso na kai masa. Ya daɗe yana juya talibambam a hannu, sannan ya ce abin da ya koya a wurin malamansa shi ne a guji cika surar abu mai rai. Shawararsa ita ce mu daina yi musu ido, kuma mu sa su zama abin amfani a gida. Inna ta ce wannan mai sauƙi ne, za ta buɗe musu baki su zama tulu da kaskon turare. Na ɗauka ya gama, sai ya sa yatsa a kan furen nan mai ganye shida ya tambaye ni yadda aka yi ganyen suka zo daidai. Na nuna masa a ƙasa. Ya roƙi in zana masa a takarda, yana so ya sa a zayyanar allon ɗalibansa masu sauka. Tun daga ranar, a gurbin ido furen muke sawa.

Bayan girbi hedimasta ya kira ni ofis ya ce za a yi nunin aikin hannu na makarantun ƙasar Yauri a Yelwa, kuma ajina ne zai wakilci makarantarmu. Ya ce a kai ƙananan kifayen nan na rufi. Na ce masa a'a, giwan ruwa za mu yi, babba. Ya tambayi girmansa, na ce sai ya gani.

A filin makaranta muka kafa turke, muka ɗaura igiya, muka zana da'irori a ƙasa, daga ƙarama zuwa babba zuwa ƙarama. Muka lanƙwasa tsagin tukurwa a kan kowace, muka ɗaure da zaren koma. Da muka tayar da zobban muka jera su a kan doguwar gora, yara suka tsaya kallo, don jikin kifi ya riga ya fito tun ba a sa takarda ko ɗaya ba. Muka bi shi da takardar siminti rufi a kan rufi. Inna ta aiko da ruwan ganyen dogon yaro a dama koko da shi saboda gara da ɓera. Ɓawon kuwa da gwangwanin madara muka riƙa zagayawa muna yankewa, aji guda, har yatsunmu suka yi kanta. Yara suka bi masu tebur da masu shayi suka tattaro takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, muka liƙa a gefen kowane ɓawo. Bayansa muka shafa kunkunniya da ƙaro, cikinsa farar ƙasa. Da aka gama maigidana ya zo ya kwanta a gefensa don a gwada, kifin ya fi shi tsawo.

Ana gobe tafiya Inna ta ce da ita za a je. Ɗanta ya yi mamaki, domin ta yi shekaru ba ta shiga jirgi ba. Ta ce tukwanenta ba sa tafiya ba ita.

Da sassafe muka yi lodi. Kayan yumɓu aka jera a kwanduna cikin ƙaiƙayi. Giwan ruwa bai shiga ƙarƙashin rumfar jirgi ba, sai aka kwantar da shi a gaba a kan buhunan shinkafa aka ɗaure. Ni da Inna da hedimasta da yara kaɗan muka zauna kusa da shi, sauran fasinja 'yan kasuwa ne. Rana tana fitowa ta bugi takardar nan mai ƙyalli, kifin ya ɗauki walƙiya daga kai har wutsiya.

Ba mu yi nisa ba wani masunci da ke jan koma ya miƙe tsaye a kwalekwalensa ya yi mana kirari, yana tambayar wa ya kama. Maigidana ya ɗaga masa hannu kawai, yana danne dariya. Kafin mu kai ƙauye na gaba labari ya riga mu, ban san ta yaya ba. Mutane cike da kwata, inda jirage ke tsayawa, yara na gudu a gaɓa, kwalekwale uku suka biyo mu da filafili. Wata mai sayen kifi ta shigo ruwa har gwiwa tana cewa ita ta fara gani, kada a sayar wa kowa. Da jirgi ya matso ta kai hannu ta taɓa wutsiyar, ta ji takarda. Ta dube mu, ta dubi kifin, sai ta zauna a cikin ruwan tana dariya. Wani dattijo ya ce shi dai tun daga nesa ya yi shakka, don bai taɓa ganin giwan ruwa mai fure a ido ba. Haka muka yi ta yi a kowace kwata. Hedimasta, mutum mai kamewa, har ya fara tashi yana yi wa jama'a bayani tun jirgi bai tsaya ba.

Da muka fita sarari inda tabkin ya yi faɗi, iska ta taso. Jirgi ya fara sara igiyar ruwa, feshi yana zubowa ta gaba. Na ga wutsiyar ta yi duhu, ta fara laushi, ɓawo ɗaya ya ɓalle ya bi iska. Na rasa abin yi, na kife a kansa da jikina. Inna ta cire mayafinta ta rufe wutsiyar. Wata mai kayan gwari ta miƙo ledar da take rufe tumatir, wani ya ba da tabarmar sallarsa, wani buhu. Mutanen da ba mu san su ba suka riƙe gefe-gefe, yara na kwarfe ruwa, maigidana ya rage wuta ya bi da jirgin ta bayan wani tsibiri. Kowa ya jiƙe sharkaf, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Mun isa Yelwa da hantsi ya ɗaga sosai, wutsiya ta lanƙwashe kamar kunnen akuya. Nan bakin kwata muka sami mai koko, ta ba mu na ƙasan tukunya mai kauri. Wani ɗan dako ya samo mana takardar siminti, Inna ta tsaga kara ta yi wa wutsiyar ɗori kamar mai gyaran karaya, muka shanya shi a rana muna fifita da faifai. Bai koma yadda yake ba, amma ya tsaya. Yara suka ɗauke shi a ka, muka ratsa gari, jama'a na biye da mu har filin nuni.

Ba mu muka zo na ɗaya ba. Wata makaranta daga wajen Shanga ta kawo kujerun kaba masu kyan gaske, su aka ba. Mu aka kira na biyu, yara suka yi ta tsalle kamar an ba su garin. Amma rumfarmu ce ba ta rabu da mutane ba har aka tashi. Inna ta zauna a tsakiyar kayanta, matan Yelwa sun kewaye ta, tana tsiyaya ruwa daga bakin talibambam a moɗa tana ba su su ji sanyinsa. Na ji wata ta tambaye ta wa ya yi zanen. Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ni da ɗiyata munka yi."

Giwan ruwan a Yelwa muka bar shi, jami'in ilimi ya ce a rataye shi a ofishinsu. Kwandunan Inna kuwa wayam suka koma jirgi.

A hanyar dawowa ruwa ya kwanta. A wata kwata Inna ta sayi soyayyen kifi warangi a ganye, ta ajiye tsakaninmu ta ce in sa hannu. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba, balle ganye ɗaya. Muka ci muna lissafa abin da za mu gina idan ruwa ya janye aka samu sabon yumɓu. Tana cikin magana a kan wata randa mai siffar kififiya sai muryarta ta yi ƙasa, kanta ya sauko a kafaɗata, barci ya ɗauke ta. Hannuna ya mutu tun muna tsakiyar ruwa, ban motsa ba har jirgi ya daki gaɓar garinmu ana kiran magariba.